Fuskar da Malam Ya Ba Mai Galma

Ni na kashe Mai Galma, kuma da saƙon murya na minti huɗu na kashe shi. Sarkin fara bai iya da shi ba, ambaliya ba ta iya da shi ba, sai ni, ina zaune a ofis cikin Sakkwato da kofin shayi a gabana, na danna waya na saki bakina. Wanda bai tashi a Bodinga a zamaninmu ba zai ce wane ne kuma Mai Galma, don haka bari in koma baya.

Jarumi ne na littafin zane, irin wanda ake ba da labari da hotuna gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin 'yar da'ira. Malaminmu na firamare ne ya ƙago shi. Mutumin Dandin Mahe ne da aka turo Bodinga yana koyar da lissafi, a gefe kuma yana rubuta wa masu shaguna allon ƙofa. Duk ƙarshen wata in an gama gurza takardun gwaji a injin makaranta, sai ya lallaɓi hedimasta ya bar masa ragowar tawada, ya gurza shafi takwas. Jarumin manomin albasa ne. Wata damina aradu ta faɗa kan galmarsa, wato garmar hannu da ake huɗa da ita, tun daga ranar in ya sari ƙasa da ita sai ya yi tsalle ɗaya daga Bodinga ya dira Shagari. Ya taɓa ciro motar albasa daga laka da hannu ɗaya. Ya taɓa kama wani mugu da ya tara ruwan saman shekara guda cikin gora ya toshe bakin. Ƙirjinsa ya kai faɗin ƙyauren zaure, fuskarsa kuwa ba ta kowa ba ce, kyakkyawa dai irin wadda ake sa wa a kwalin sabulu.

Kwafi biyu ake ba kowane aji. Kafin ya zagayo kanka takardar ta yi laushi, rabin tawadar ta koma tafin hannun mutane, amma haka za ka karanta ka sake karantawa a ƙarƙashin benci. In an tashi makaranta mu sato ƙotar fartanya a gida, mu hau katangar makaranta, mu daki ƙasa mu yi tsalle. Ban san iyakar bulalar da na sha a kan wandunan da na yaga ba.

Shekara huɗu benci ɗaya muka zauna da ɗan Malam, kuma shi ne ɗan fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya tsayar da ido a fuskarsa, balle a ji yana yabonsa. Wasu suna sassautawa. Malam kuwa, da yake mahaifiyarsa Bafulatana ce, ya riƙe abin da hannu bibbiyu. In yana kiran suna da safe ya zo kan na yaron, sai ya ɗan yi shiru, ya ja alƙalami, ya wuce na gaba. In yana son ya goge allo ni yake kallo, ya ce, "Gaya ma abokinka shi share allo." Sunan da ya rage masa ke nan a bakin Malam, abokinka. Yaron ma a gidan kakarsa yake kwana, can bayan kasuwa. Mu da ba mu da wayo mun ɗauka ɗan mai zane ya san abin da zai faru wata mai zuwa, muna ta ba shi toshiyar ƙuli-ƙuli. Sai ya cinye tas, sannan ya ce shi ma sai mun karanta mun miƙo masa yake gani.

Muna ajin ƙarshe injin makaranta ya lalace, ba a gyara ba, aka kuma mayar da Malam wata makaranta a ƙasar Shagari. Fitowa ta ƙarshe ta tsaya ne Mai Galma yana cikin iska a saman madatsar ruwa, galma a ɗage, abokin gaba a ƙasa yana jiransa. A nan muka bar shi a rataye fiye da shekara talatin. Ni na wuce sakandare a birni, daga nan jami'a, daga nan ofis. Abokina ya koma Dandin Mahe ya kama noman albasa. Sau biyu ko uku na hange shi a tasha cikin shekarun nan, muka ɗaga wa juna hannu ta tagar mota.

Labarin rasuwarsa a waya na gani, a zauren da 'yan ajinmu suka buɗe. An ce ya yi jinyar sati biyu. Na rubuta Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, kamar yadda mutum ashirin suka rubuta kafin ni, na ce ran Asabar zan je ta'aziyya. Asabar ta zo da ɗaurin auren wani babba a ofishinmu. Asabar ta gaba kuma mota ta ƙi tashi, ko dai ni ne na ƙi tashi, ban tuna ba. Daga Sakkwato zuwa Dandin Mahe ba tafiya ba ce da za a yi wa guzuri, amma ban je ba, har kunyar zuwa a makare ta zama sabon dalilin ƙin zuwa.

Bayan kamar shekara guda wani ɗan ajinmu, dillalin albasa a kasuwar Bodinga, ya turo hoton bangon littafi a zauren. Mai Galma ya dawo. Malam ya yi ritaya, ya haura saba'in, ya zauna a gida ya zana da hannunsa, aka kai birni aka buga, bango har da launi. Ranar ba wanda ya yi aikin kirki a cikinmu. Manya da furfura, wasu da jikoki, muna ta turo tsofaffin labarai, wannan ya ce ya tuna goran ruwa, wancan ya ce shi ne ya karye a katanga. Na aika direban motar haya ya taho mini da kwafi biyu, na rufe ƙofar ofis na buɗe.

Ashe ba ci gaba Malam ya yi ba, daga farko ya sake ɗauko labarin. Babu madatsar ruwa, babu aradu. Wani tsoho ne ya miƙa wa wani saurayi galma a bakin gona, kuma tsohon bai ce masa komai ba, fuskarsa ma a juye take wajen bango ko wajen itace duk inda ya fito. Saurayin siriri ne. Kunnensa na hagu ya ɗan fito waje, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ga tabo ya raba gira. Yana tsalle, amma in ya dira sai ya dafa gwiwa ya huta. Akwai shafi guda cur da ba abin da ya yi sai zama a inuwar rumfa yana shan fura yana gaisawa da masu wucewa.

Zaure ya rabu biyu. Wani da ya shiga soja ya ce wannan ba jaruminmu ba ne, a dawo masa da nasa ko a bar shi ya mutu da mutuncinsa. Wata da ke aikin asibiti ta ce ita wannan ya fi kwanta mata, don tsohon Mai Galma ko gaisuwa bai iya ba, duka kawai ya sani. Aka ce mata ai mata ba su taɓa fahimtar labarin ba tun farko, ta ce kwafin ma ai ba ku taɓa bari ya iso bencinmu ba sai ya yage. Wani ya ce hannun Malam ya fara rawa. Wani kullum tambayarsa ɗaya, wa ya ci faɗan madatsar ruwa. Dillalin albasa da ya kawo mana labarin, shi da wasu biyu-uku da suka zauna a gida ba su je birni ba, ba su ce uffan ba. Na lura da shirunsu, na ɗauka rashin iya magana ne.

Ni ma ban yi magana ba a fitowa ta ɗaya da ta biyu, amma nawa shirun na mai wasa wuƙa ne. Tun muna yara an san ni da baki, kuma da yake ina ɗan taɓa rubutu a jarida, sai ake ta zunguro ni: marubuci, ba ka ce komai ba. Ina son a ce mini marubuci, ba zan ɓoye ba. Da fitowa ta uku ta zo, motar albasa ta kafe a laka kamar da, jarumin ya sa kafaɗa ya kasa, ya je ya kirawo mutanen gari aka tura tare, sai haƙurina ya ƙare. Gani nake an shiga ɗakin ƙuruciyata an kwashe kaya. Na danna waya, na sake harshen gida don abin ya fi daɗi.

"Jama'a, wanga ba Mai Galma ba na, wanga majinyaci na," na ce. "Ku dubi kunnen hagu, kamar an aza faifai bisa tukunya an manta. Ku dubi kahwaɗa. Halan galmar ta hi ƙarhinai? Ni dai tun da uwata tah haihe ni ban taɓa ganin ɗan Adam da wagga huska ba. Shi kanshi tsohon da yab ba shi galma, kun ga ko dubanai bai iya yi, kunyar zanen shika ji. Malam ya yi muna ƙoƙari zamaninai, Allah shi saka mai. Amma yanzu a amshe alƙalamin ga a miƙa mai tasbaha."

Akwai sauran, amma wannan ne kan maganar. Fuskokin dariya suka yi ta zubowa. Sojan ya ce na gama magana. Kafin la'asar an fitar da saƙon daga zaurenmu ya shiga wasu, har wani da ban sani ba ya turo mini shi yana cewa in saurari wannan ɗan Bodinga. Na saurari kaina sau uku a ranar, kuma kowane karo sai na yi dariya a wurin tasbaha.

Fitowa ta huɗu ba ta zo ba. Wata ya wuce, wani ya bi, aka ɗan tambaya, aka manta. Ni har na ji wani ɗan alfahari a ɓoye, irin na wanda ya faɗi abu ya tabbata.

Da kakar albasa na biya Bodinga in ɗauki buhu ɗaya na gida. Dillalin ya sa aka ɗaure mini, ya ƙi sakin fuska, sannan ya ce in zo ciki. A rumfarsa ya gaya mini abin da ya faru wata biyar baya. Ranar kasuwa ce, Malam ya zo da kwafin fitowa ta uku a jaka, ya zauna a nan kan wannan bencin yana hutawa. Wasu samari a rumfar gefe, da ba su san shi ba, suka kunna saƙona da ƙarfi suna ƙyaƙyatawa. Dillalin ya yunƙura zai hana su, Malam ya riƙe masa hannu, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambayi muryar wa ce. Da aka faɗa masa sai ya ce, "Na gane shi. Su biyu ad da bencin kusa ga taga." Ya gama gaisuwarsa da kowa ya hau mashin ya tafi.

Na ji ba daɗi, amma har lokacin ina da ƙarfin kare kaina. Na ce ai ban zage shi ba, ra'ayi ne, kuma wanda ya fitar da abu kasuwa ya shirya jin bakin mutane. Dillalin ya jawo fitowa ta ɗaya daga ƙarƙashin tabarma, ya buɗe shafin fura, ya sa tafin hannunsa ya rufe jikin jarumin da galmar, ya bar fuska kaɗai.

"Duba," ya ce.

Na duba. Na ce na gani, mummunan zane ne ko an rufe ko ba a rufe ba.

"Ranar da amalanke tak kihe da ku bakin hwadama, kuna aji biyat, wa yaf fashe gira?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya same ni ba, sai dai in ce kamar an zare mini kujera. Ni na cire rigata na danne masa girar nan har muka isa gidan kakarsa. Kunnen nan da na ce faifai ne, da ɗan yatsana nake ɗalle shi in Malam ya juya wajen allo. Kafaɗar nan a hagu yake rataya jakar buhu da littattafanmu mu biyu, don ni ba na son ɗaukar kaya. Abokina ne zaune a inuwar rumfa yana shan fura, ya girma, ya yi ƙasumba, ba abin da ya rage ba shi ba. Tsohon da ya juya fuska wajen bango kuwa ba sai an gaya mini ba.

Na tambayi dillalin me ya sa bai faɗa a zaure ba tun fitowa ta ɗaya. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cire takalmi a masallaci. Ya ce su da ke gida duk sun gane tun daga bango, amma wa zai tashi ya ce dattijo ya zana ɗansa na fari? Ai tona masa asiri ne. Mutumin da ko hawaye bai bari an gani ba ranar jana'iza, yana zaune gefe yana karɓar gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. Sun ga abin, sun yi shiru don girmansa, suna tsammanin kowa ma ya gani.

Sati uku na yi ina juya abin. Da na sani ƙeya ce, kowa ya san wannan, amma ba wanda ya gaya mini tana hana cin tuwo. Na goge saƙon daga wayata, wanda ba shi da wani amfani tunda yana cikin wayar rabin ƙasar Bodinga. Abin da ya fi damuna shi ne ta ina zan fara. Neman gafarar rashin kunya ga malami abu ne mai sauƙi, a durƙusa a faɗa. Amma laifina na gaskiya ba ya faɗuwa sai an ambaci wanda ba a ambata a gabansa. Matata da ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida ta ce ko dai in je ko in daina huci, ɗaya daga ciki.

Na tafi Dandin Mahe ran wata Lahadi da hantsi. Bayan Shagari na sauka daga kwalta, ko'ina rumfunan ajiyar albasa, warinta har cikin mota. Na tarar da Malam a zaure kan tabarma, ya ƙanƙance, tabarau ɗaure da zare. Ban ga takarda ko alƙalami a kusa da shi ba, na duba kuwa. Na cire takalmi na durƙusa, ya gane ni tun ban faɗi ko ɗan wane ne ba. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi ofis, ya tambayi yara, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta.

Na fara da bashin da ya fi tsufa. "Allah shi gahwarta Malam, ƙaƙa haƙuri? Ban samu zowa ba lokacin da abin yah hwaru."

Ya kawar da kai wajen ƙofa. "Ai ku za a yi ma gaisuwa. Abokinku na."

Sai na shiga maganar saƙon. Na ce na yi wauta, na yi rashin ladabi, bakina ya fi hankalina sauri tun ina yaro kuma shi shaida ne. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya bar ni na gama, har da abin da na maimaita sau biyu.

"Ba ka yi min komi ba," ya ce. "Ta tasbaha ma ta ba ni dariya. Ni godiya nika yi maka, don ka hutasshe ni."

Na ɗago kai. Ban ga alamar gatse a fuskarsa ba, kuma da gatsen ne da ya fi mini sauƙi. Ya gyara zama, yana kallon bakin tabarma, ya yi magana a hankali, bai ambaci sunan kowa ba, bai ce ɗana ba. Ya ce shekara arba'in da 'yan kai bai taɓa tsayar da ido a kan mutumin ba, ta gefen ido ya san shi. Da abin ya faru sai ya wayi gari ya ga in ya rufe ido ba ya samun fuskar gaba ɗaya, sai guntu-guntu, kunne yau, kafaɗa gobe. Hoton da ke gidan ɗaya ne, na katin zaɓe, ya dushe. Ba zai tambayi uwar ba, tata kunyar ta fi tasa. In ya nuna wa ƙannen za su ce ya yi kama ko da akuya ya zana. Shi ne ya tuna da Mai Galma. Ya ce a ransa in ya sa fuskar a littafi ya watsa cikin waɗanda suka san mutumin, in ta yi kama, wani zai faɗa ba tare da an tambaye shi ba, maganar kuma za ta zagayo ta same shi.

"Nij jira wata ukku," ya ce. "Babu wanda yac ce komi. Sai muryarka. Kai kun zamna benci guda shekara huɗu, ka san shi gaba da gaba, kuma ba ka jin nauyin kowa. Da kac ce ba ka taɓa ganin huskar ba, sai nis san ban same ta ba. Sai nib bari."

A nan na karya duk wata ƙa'ida da na zo da ita. Na ce Malam wallahi shi ne. Na ce kunnen nasa ne, girar tasa ce, ni na danne ta da rigata ranar da amalanke ta kife. Na ce zanen bai yi kuskure ko na ƙwayar gero ba, ni ne na manta abokina, na dube shi ido da ido wata uku ban gane shi ba, don raina yana wajen wani ƙato mai ƙirjin ƙyaure da bai taɓa rayuwa ba. Na ce mutanen gida duk sun gane, kunya ce ta hana su faɗa, ya tambayi dillalin albasa.

"Shi ma ɗana na, mi zai ce?" Ya yi ɗan murmushi. "Bar rantsuwa. Wanga ladabi na, kuma na gode. Amma ranar da ba ka san ina ji ba, ran nan kah hwaɗi abin da idonka yag gani."

Na sake rantsuwa duk da ya hana. Na lissafo abin da na tuna, ƙuli-ƙuli, jakar buhu, gidan kaka. Yana gyaɗa kai kamar yadda yake yi a aji in yaro ya haddace amsa bai fahimce ta ba. Na ga dai ƙaryar da na yi da dariya ta zauna daram, gaskiyar da na zo da ita a durƙushe ba ta samu wurin zama ba, kuma ni na jawo. Aka kawo fura daga cikin gida, ya ce in sha, na kurɓa don kada in ƙara wani laifin.

Wani mai mashin ya wuce da buhuna, ya yi sallama, Malam ya amsa. Har na fara neman takalmina da ido, sai ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, bangon zaure yake kallo.

"To, tunda kac ce ka tuna shi, in tambaye ka abu guda. Cikin na huɗun akwai wurin da ya kamata shi yi dariya, sun hidda motar daga laka. Nan nit tsaya tun kahin saƙonka. Ni ban taɓa ganin dariyatai ba, in ya hango ni sai shi haɗiye ta. Ƙaƙa shika yi?"

Wannan ce kaɗai tambayar da ya taɓa yi wa wani a kan ɗansa, na san haka, kuma ni ya yi wa. Ni da na shekara huɗu ina ba yaron nan dariya a bayan idon malamai, har an taɓa fitar da mu waje tare saboda ita. Na rufe ido na nema. Na ga bencin, na ga tagar, na ji abin da na faɗa da ya ba shi dariyar, kalma da kalma, don maganata ba ta ɓace mini. Amma ko yana rufe baki da hannu, ko yana jefa kai baya, ko da sauti, ko babu, ban samu komai ba. Na yi tunanin in ƙaga masa wata, ai ƙagawa aikina ne. Na kasa, don zai zana ta ya zauna da ita sauran kwanakinsa.

Ya jira ni, ya ƙara jira. Sannan ya jawo kwanon furar ya rufe shi da faifai.

"Bari, kak ka wahal da kanka," ya ce. "An daɗe."